Tarwadar Kawu Mai Karkataccen Kai

Daga Allah muke, kuma wurinsa za a tattara mu, har da masu taurin kai. Kawu, yayan Innata, ya tafi wata Talata da hantsi, cikin daminar da ta biyo bayan shekarar da aka ba mu jiha. Yana tsugune bakin kududdufin kifinsa a fadamar Maska sai ya kife, kamar wanda ya hango wani abu a ƙasan ruwa. Kafin a ɗauko shi ya cika.

Na zauna zaman makoki da yawa, don mu 'yan tasha ba a raba mu da inda ake rabon abinci. Amma ban taɓa ganin mai sauri irin na Kawu ba. Mutum zai zo ya tsuguna, a yi addu'a, a shafa, kafin ka ɗago yana laluben takalmi. Wurin nan da ake ɗan tsayawa a ce ai mutumin kirki ne, in an zo nan sai tari ya kama kowa. Wani tsoho da suka yi lebura tare ya yi ta juya hula a hannu yana neman abin faɗi. Can ya ce, "To... ya dai san kifi." Duk tabarmar ta ɗauka, "Wallahi ya san kifi!" Kai ka ce an sauke wa mutane buhu daga ka.

Cikin gida mata sun yi ta matse ido, ba abin da ya fito. Innata kaɗai ta yi kukan gaske, don ciki ɗaya suka fito. Ita ta kama hannuna ta ce, "Kai da ka yi boko, rubuta wani abu kan ɗan'uwana, kar a manta da shi."

Na ce, "Inna, bokon nan fa a fom tu ya tsaya, shi ma korowa aka yi."

Ta ce ko na fom tu ne. To ga shi, Inna. Ba za a manta da shi ba. Ki dai gode Allah da ba ki iya karatu ba.

Kawu ba masuncin gado ba ne, manomin auduga ne kamar kowa. Lokacin da aka kawo babban aikin gona ƙasarmu, ana ta gina dam, sai aka buɗe wani ɗan gidan ƙyanƙyasar kifi aka ɗauke shi lebura. Shugabansu wani Bayarabe ne haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa, kowa Oga yake ce mashi. Wurinsa Kawu ya koyo abin da ya sa ake tsoronsa a ƙauye: sa tarwada ta yi ƙwai ranar da shi ya ga dama, ba ranar da ita ta so ba.

Ga yadda ake yi. A kamo wani kifin a fasa kansa. Ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan farin abu kamar ƙwayar gero. A ciro, a niƙe, a dama da ruwan gishiri, a zuƙa a sirinji a soka wa macen. Washegari a matse cikinta, ƙwai ya tsiyayo cikin kwano. Namijin kuma sai an farke shi kafin a samu nasa ruwan. A gauraya da gashin kaza, a shimfiɗa a baho. Kwana ɗaya sai ka ga ruwan na motsi da 'yan abubuwa kamar gashin ido. Kawu kan ɗaga sirinjin ya ce, "Maza biyu na yanka don mace ɗaya ta haihu, kuma ba ta gode ba." In matarsa na kusa ya fi ɗaga murya.

Da aikin ya mutu aka sallame su, ya dawo gida da sirinjin, da baho uku, da wani gilashi mai ƙara girman abu, ya haƙa kududdufai a fadamarsa. Gilashin nan ba ya barin aljihunsa. Da shi yake duba tuwo ko akwai gudaji. In ka gaishe shi sai ya ciro ya kanga a fuskarka, ya ɗauki lokaci, sannan ya amsa. Kowa kuma da kifin da ya raɗa mashi. Liman ragon ruwa ne. Innata ƙurungu, wai ko an kama ta ba ta daina gunaguni. Ni karfasa, ƙaya ta fi nama yawa. Amma na rantse Kawu bai taɓa ɗaga hannu ya doki kowa ba. Ba ya buƙata.

Matarsa muna ce mata Iya. Haihuwa takwas, biyar a raye. A ta takwas ɗin, haihuwar Auta, jini ya ɓalle har sai da aka kai ta asibiti a Malumfashi aka ƙara mata wani. Likita ya faɗa gaban Kawu cewa in ta sake ɗaukar ciki, kabari ne. Kawu ya ce, "Likita, kai ka halicce ta?" Ya ɗauki hularsa ya fita.

Auta kuma ta zo da tsagaggen leɓe, tsagar ta kai har hanci. Ba ta iya kama nono, in ta ja sai ya fito ta hanci ta shaƙe. Mata sun fara cewa ba mai zama ba ce. Kawu ne ya tafasa sirinjin kifinsa, ya cire allurar, Iya ta riƙa tatsa a kofi, shi kuma ya ɗora jaririyar a cinya yana ɗiga mata a gefen baki, ɗigo-ɗigo, wata huɗu cur, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Da idona na ga wannan. Duk wanda zai karanta wa Innata takardar nan, ya karanta mata nan sau biyu, ya ce ta ƙare.

Sauran kuma ga yadda ta kasance.

Akwai wata nas a asibitin, Bahaushiya Kirista daga wajen Gozaki. Da Iya ta koma bayan arba'in, ta ja ta gefe ta ba ta ƙwayoyin hana ɗaukar ciki, ɗaya kullum, ta ce mata rayuwarta ce a jere cikin takardar nan. Matsalar ita ce wa zai riƙa karɓo mata. Lokacin ina karen mota a hanyar Funtua da Malumfashi. Iya ta kira ni ɗaki ta ce, "Ɗana, kana iya rufe baki?"

Na ce, "Iya, ni da sana'ata buɗe shi a tasha?"

Ta ce, "To ka koya. In kawunka ya ji, na mutu. Ba irin mutuwar da ake faɗa da baki ba."

Haka na riƙa karɓo na wata uku-uku, in huda burodi in cusa a ciki, in kawo tsaraba. Shekara uku muna haka. Iya ta yi kumatu. Har dariya ta fara, ashe tana da wushirya, ban taɓa sani ba.

'Yan majalisar da Kawu ke zaman hira ne suka ɓata abin. Suka fara tsokanar Kawu: "Malam, ka sa kifi haihuwa dole, gida kuma shiru?" Ya fara bincike. Ran nan na kawo burodi da safe, ina tsakar gida ina shan koko, sai ga shi ya fito daga ɗakin Iya da takardu uku sababbi, ya zaro su daga ƙasan kwalla. Iya na tankaɗe, rariyar ta tsaya a hannunta.

"Ɗan boko," in ji Kawu, "zo yau ka yi mana amfani. Me aka rubuta nan?"

Na karɓa, na juya gaba, na juya baya, ina motsa baki kamar mai haɗa baƙi. Ni fa a tasha ƙarya ce abincina. Ni ke rantse wa fasinja cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi, alhali shi ne na farko. Sai wata dabara ta faɗo mani, har na ji daɗin kaina.

Na ce, "Kawu, ai maganin haihuwa ne. Na ƙarin haihuwa. Ka ga ma an jera shi kwana-kwana. Halan Iya kunya ta ji, ta ga shiru ya yi yawa take neman taimako a ɓoye."

A tunanina zai miƙa mata ya ce ta riƙa shan biyu-biyu. Ya dubi takardun, ya dubi Iya ta cikin gilashinsa.

"Tun yaushe kike sha?"

"An daɗe, Malam."

"An daɗe, kuma ko ɓari babu. Ashe gonar ce ta mutu, ba takin ba. To bari a kai shi inda ake godiya."

Da ma da safiyar nan ya riga ya matse wata babbar tarwadarsa da ya shekara uku yana kiwo, ƙwan na shimfiɗe a baho uku cikin rumfa. Ya ce Iya ta kawo turmin yaji. Ya ɓalle ƙwayoyin duka ya zuba, ya ce, "Daka." Iya ta daka wata ukunta da hannunta, ina tsaye da kofin koko. Ya kwashe garin ya barbaɗa a baho biyu, ya ƙare kafin a kai na uku. Ya ce, "Wannan ya yi haƙuri, talaka ne."

Na raɗa wa Iya cewa kar ta damu, zan karɓo wani, kifi kuma ba ya magana. Ashe yana yi.

Duka bahon uku sun ƙyanƙyashe. Kawu na ta washe baki, wai na maganin sun fi yawa. A kwana na huɗu ya aiko a kira ni. 'Yan bahon talaka suna ta zillo, in ka sa yatsa su watse su taru a lungu. Na sauran biyun kuwa wasu na kwance a gefe, wasu na juyi wuri ɗaya kamar mashaya. Ya miƙo mani gilashin ya ce, "Duba."

Ban so na duba ba. Kan tarwada ai shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi, baki a gaba. Waɗannan kawunansu sun dunƙule kamar an matse da yatsa. Muƙamuƙin ƙasa ya gajarce, bai kai na sama ba. Wani bakin ya karkace gefe, wani ya hangame ba ya rufuwa. Wani idanunsa sun matso juna kamar suna gulma. Suna da ɗan guzurin ƙwai a ciki wanda ke riƙe su kwanakin farko. Da ya ƙare, ga abinci a gabansu, ba bakin ci. Kafin mako ƙasan bahon ya yi fari da gawa.

Kawu ya ɗebi 'yan masu sauran rai a kwalba, ya sa fankon takardar a aljihu, ya ce, "Mu je wajen Oga. Da kai za a je, kai ne malamin."

Oga lokacin ya buɗe shagon abincin kaji a Funtua. Ya ɗaga kwalbar ga haske, ya karɓi gilashin, ya daɗe yana kallo yana tsaki.

"Malam, me ka yi wa yaran nan? Kai fa ka sani, ɗan kifi in ya fito ba ƙashi a kansa. Guringuntsi ne, laushi kamar tuwon da bai huce ba. Cikin 'yan kwanakin nan ake gina kan: nan muƙamuƙi, nan mazaunin ido, nan wajen numfashi. Kuma akwai ruwan jiki da ke ba da umarnin ginin, ɗan'uwan wanda muke cirowa a ka, kaɗan-kaɗan, kowane da lokacinsa. In ka zubo wani mai ƙarfi daga waje ginin na ɗanye, kamar ka tara magina ashirin ne kowa na ihu. Bango sai ya tafi inda ya ga dama, kuma in ya bushe shi ke nan. Me ka zuba?"

Kawu ya ajiye takardar kan buhu. "Maganin ƙarin haihuwa na mata."

Oga ya ɗauka. Na matsa na taka mashi ƙafa. Na ƙara takawa.

"Kai yaro, lafiya kake taka ni?" Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Ƙarin haihuwa? Wane jakin ne ya karanta maka? Wannan ai na hana ɗaukar ciki ne! Madam ɗina ma shi take sha."

Kawu bai dube ni ba. Da ya dube ni da na fi samun sauƙi. Ya ce, a hankali, "Oga, in mace ta sha wannan, zai tsaga bakin jariri?"

"A'a, a'a, ba haka ba ne. Mace ai ba baho ba ce. Ƙwaya ɗaya take sha, kuma ba ma ciki a lokacin. Kai na wata uku ka juye kan ƙwai tsirara. Malam, tsaya mana ka ji..."

Ina, ya riga ya kai ƙofa. Kawu tambayarsa kawai ya ji, amsar ya bar wa Oga a shago. A tasha ya sayi rake ya miƙo mani ya ce, "Sha, malam. Karatu akwai sa ƙishi."

Mun isa gida bayan la'asar, matan maƙwabta sun taru ana sussuka. Bai kore su ba, cewa ya yi ma a kira na bayan katanga. Ya juye kwalbar a farin kwano, ya ajiye gaban Iya, ya sa mata gilashin a hannu, ya riƙe wuyan hannun kar ya karkace.

"Duba abin da kike haɗiya kullum. Duba da kyau, ba sauri."

Sannan ya kira Auta, tana 'yar shekara uku, ta taho da gudu don ita ubanta take so fiye da kowa. Ya ɗaga haɓarta ya juya fuskar ga mata.

"Ga na ruwa, ga na tudu. Ku faɗa mani bambanci."

Iya ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. An haife ta kafin in fara..."

"Macen da ta ɓoye shekara uku, wa ya san ko biyar ta ɓoye? Wata huɗu ina ɗiga wa ɗiyata nono da sirinji, ke da kika yi ɓarnar kina kallona."

Na ga idanun matan na tafiya daga kwano zuwa bakin Auta, su dawo kwano. Kafin magariba labari ya gama Maska. Ni kuma aka hana ni shiga gidan.

Bayan mako biyu na tare Iya a hanyar rijiya da burodina. Na ce, "Iya, ga tsaraba. Wannan karon a gidan Inna za a ajiye, ki riƙa zuwa gaisuwa kina sha."

Ta dubi burodin kamar maciji ne a ciki. "Mayar, ɗana."

"Iya, kin manta abin da likita ya ce?"

"Ban manta ba. Amma na gani da idona."

"Kifi kika gani! Auta ta riga maganin zuwa, ni shaida ne, ni na fara karɓowa!"

"Na sani. In ina ni kaɗai na san haka ne. In na dubi bakinta sai in kasa rantsewa." Ta gyara gammo. "Kuma ya ce in ya sake ganin ƙwaya ɗaya, ranar kasuwa zai ɗauki Auta a kafaɗa da kifin a kwalba, ya zagaya rumfa-rumfa yana nuna su. Ka san zai yi."

Na san zai yi. Na zauna bakin hanya na cire takardun na cinye burodin.

Cikin 'yan kifin nan guda ɗaya ya ƙi mutuwa. Kansa ya karkace hagu, bakin a gefe yake kamar mai raɗa, gashin bakin ɓangare ɗaya ne kawai ya fito. Ba ya iya kama abinci da kansa. Kawu ya sa shi a randa cikin zaure, ya raɗa mashi suna Ɗan Boko. Kullum da safe zai murje gwaiduwar ƙwai ko hanta, ya lakato da gashin kaza, ya tura mashi ta gefen bakin yana lallashi: "Ci, malam, ci ka karanta mana." Duk baƙon da ya zo sai an ɗaga faifai an nuna mashi, sannan a kira Auta ta kawo ruwa, a bar baƙo ya haɗa sauran da kansa.

Ba a shekara ba Iya ta yi nauyi. Ta haihu da safe a gida, namiji. Jinin ya ɓalle kamar yadda aka faɗa. Kawu ya ce a bari zuwa azahar a gani, mata ai da jini aka san su. Innata ce ta aiko yaro tasha, na roƙi direbanmu ya sauke fasinja muka zo. Muka shimfiɗa ta kan buhunan masara a bayan mota, kanta a cinyar Inna, jaririn a hannuna don ba mai riƙewa. Rana tsaka, hanya duk rami. Mun yi nisa sai ta buɗe ido ta neme ni.

"Ɗana, duba mani bakinsa."

Na buɗe zanen. "Lafiya lau, Iya. Ba tsaga ko kaɗan."

Ta ce, "To ka gani."

Ba ta sake cewa komai ba. Ba mu kai Malumfashi da ita ba.

Ranar suna ba a yi taro ba saboda rasuwa, amma Kawu ya fito da yaron zaure, ya kanga gilashi a kansa, ya bi leɓe, ya bi haɓa, ya bi maɗiga, ya ɗaga shi ga 'yan zaman makoki. "Ku dubi kai. Kamar an zana. Da ta daina shan gubar ba ga shi ba?" Wani ya ce Allah ya raya. Wani ya ce Allah ya jiƙan uwar. Kawu ya ce amin ga na farkon.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Iya. A cikinsu Kawu ya ci gaba da fasa kawuna yana matse ciki, mutane na zuwa har daga Mahuta sayen 'yan kifi. Ɗan Boko ya yi tsawon hannuna a randa. Auta ta koyi jan mayafi ta rufe baki, ko tuwo za ta ci sai ta juya wa mutane baya. Ni da ita taubasai ne, ni ɗan mace ita 'yar namiji, ƙa'ida in tsokane ta ta rama. Na tsokani kowa a duniyar nan, har liman, amma ita ban taɓa iyawa ba.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, aka buɗe akwatin Kawu. Riguna biyu, sirinji, gilashi, sai fankon takardar nan a naɗe cikin tsumma kamar laya. Ina zaure ina leƙen randa, ina tunanin yadda Ɗan Boko zai yi kyau da yaji da albasa. Kwana uku ba wanda ya ba shi abinci, yana ta buga karkataccen kansa jikin randa. Sai ga Auta, mayafi a baki, ta miƙo mani takardar.

"Yaya, me aka rubuta?"

Na karɓa. Wannan karon ban motsa baki ba, ban juya ta baya ba. Na ce, "Maganin hana ɗaukar ciki ne. Likita ya ce in Iya ta sake haihuwa za ta mutu, shi ya sa take sha. Don ta zauna da ku."

"Shi ya tsaga mani baki?"

"Wallahi tallahi a'a. Da bakinki kika zo, haka Allah ya yi ki. Sai da kika yi arba'in Iya ta haɗiyi ƙwaya ta farko. Ni na riƙa kawowa cikin burodi. Kifi daban, mutum daban. Uwarki ba ta yi maki komai ba, Auta."

A duk rayuwata ban taɓa jera gaskiya mai tsawon wannan ba, har gumi na yi. Ta tsaya tana kallona ta saman mayafi da idon nan irin na ubanta, saura gilashi kawai.

Ta ce, "Baba ya ce ka taɓa karanta ta sau ɗaya."

Ta zare takardar daga hannuna ta naɗe a tsummanta. Ta ciro gashin kaza daga inda Kawu ke soke shi a jikin azara, ta murje gwaiduwa a tafin hannu, ta tsuguna bakin randa. Ta sauke mayafin, don a gaban kifin nan kaɗai take sauke shi. Ta ce, "Ci, malam." Ya ci.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yi mashi abin da shi bai yi wa kowa ba. Na faɗa, Inna, kin ji. Allah kuma ya jiƙan Iya, wadda ba wanda ya ce in rubuta komai a kanta.